Wai dole sai da bariton kafin a sauke jita zuwa B?

Ɗan Rok: Jama'a, yau sai na faɗa. Masu cewa sayen jitar bariton, wato jita mai dogon wuya da ake ɗaurewa a sauti na ƙasa, asarar kuɗi ne sun ishe ni. Mutum ya ɗauki jita ta gama-gari mai tsawon tsirkiya inci 25.5, ya sassauta tsirkiyoyi daga sautin E da aka saba har zuwa B, suna lilo kamar igiyar shanya, sauti ya dagule, kuma ya ce wai rok mai nauyi yake kiɗawa. Duk wanda zai sauka ƙasa da C, dole ne ya nemi bariton. Wanda bai yarda ba ya fito.

Mai Gyaran Jita: Ƙanena, cire "dole" a maganarka, sai mu zauna lafiya. Tsirkiya mai kaurin inci .046 a kan E, a tsawon 25.5, tana jan kusan kilo 8. Ka sauke ta zuwa B, ja ya koma kilo 4 da rabi ko ƙasa da haka, shi ne lilon da kake gani. Amma ɗora .062 a kan wannan jitar dai, ka ɗaure ta a B, ka dawo kilo 8 da ɗoriya. Ina dolen yake?

Ɗan Rok: Baba, ai ba abin da nake nufi ba ke nan.

Tsirkiya Bakwai: Abin da ka rubuta shi muka karanta. Dole ka ce. 'Yan ƙungiyar Korn tun 1994 suke kan A da jitar Ibanez mai tsirkiya bakwai, tsawonta 25.5 ne cif. 'Yan ƙungiyar Carcass na Liverpool a B suke da jita ta gama-gari. Su ba su ji labarin dolen ba ne?

Tsohon Hannu: Ku ƙara da Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath. A 1971 ya sauke Gibson SG, mai inci 24.75, zuwa C#, da siraran tsirkiyoyi ma, saboda kan yatsunsa biyu da injin ya datse a masana'anta.

Ɗan Rok: C# ai yana sama da C. Ni ƙasa da C na ce. Malam, ka karanta kafin ka yi gaggawa.

Tsohon Hannu: Yaro, tun ba a haife ka ba ake wannan karatun.

Injiniyan Sauti: Ni ina bayan dolen, amma ba don lilo ba. Mai Gyara ya yi gaskiya a lissafin ja, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsirkiya in ta yi kauri kuma ta yi gajarta, sai ta ƙage, ba ta lanƙwasa yadda ya kamata a bakin sirdi da bakin nat, wato wurare biyun da take zama a kansu, sirdi ta wajen jiki, nat ta wajen kai. Ƙananan muryoyin da ke hawa kan asalin sautin sai su zarce inda ya kamata su tsaya. Na'urar saiti za ta nuna maka kore, kunne kuma ya ce akwai abin da bai zauna ba. Da ka ƙara distoshan, wato kaushin sautin rok, sai abin ya fito fili, musamman in ka haɗa tsirkiya uku a bugu ɗaya. Ƙarin tsawo shi ke ba ka damar samun ja ɗaya da tsirkiya mafi siranta, sautin ya fito a washe.

Mai Gyaran Jita: Oga, "ya fi kyau" daban, "dole" daban. Kuma ku daina ɗaukar tsawon nan kamar wani abin al'ajabi. Ja yana tafiya ne da tsawo sau tsawo. Daga 25.5 zuwa 27, ƙarin kashi 12 cikin 100 ne kawai. Zuwa 28, kashi 21. Zuwa 30, kashi 38. Alhali sauka daga E zuwa B yana cinye kashi 44. In kana son tsirkiyoyinka na yau da kullum su riƙe jansu a B ba tare da ka ƙara kauri ba, sai tsawon ya kai inci 34, wato ka sayi bes, jitar nan mai sautin can ƙasa, ke nan. Don haka ko da bariton ɗin sai ka ƙara kauri. Inci 27 fa ba komai ba ne illa 25.5 da aka ƙara wa firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya ta wuyan jita, ta wajen kai. Ka sa kafo, maƙalin nan da ke danne duk tsirkiyoyi, a firet na farko ka auna ka gani.

Tsirkiya Bakwai: Firet ɗaya tal ake wa wannan hayaniyar!

Injiniyan Sauti: Firet ɗayan nan shi ke raba sirdin da ya isa da wanda bai isa ba. Baba ya faɗa mana da bakinsa: jaki, wato ƙarfen da ke ɗauke da sirdi, irin na jitar Les Paul, Tune-o-matic, sirdinsa na kaiwa inda .062 ke bukata a B?

Mai Gyaran Jita: Wani lokaci yana kaiwa, wani lokaci ba ya kaiwa. Ga yadda ake dubawa. Ka ɗaure tsirkiyar a B daidai. Ka danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi, kar ka matse. In na'ura ta nuna ya haura, ka sassauta tsirkiyar kaɗan, ka juya sukuru sirdin ya ja baya, nesa da wuya, ka sake ɗaurewa ka sake dubawa. Tsirkiya mai kauri ta fi neman ja da baya. In sirdin ya kai bango bai daidaita ba, ka ciro shi ka juya fuskarsa, gefen da yake a tsaye ya kalli baya, za ka samu ɗan ƙarin wuri. In nan ma bai isa ba, to ka rage kauri ko ka canza jaki. Jakin Stratocaster da Telecaster mai sirdi shida ya fi faɗin wuri, in ya ƙure ma ana iya datse sifirin ɗin bayan sirdin.

Injiniyan Sauti: Kun ji ko? "In bai isa ba ka canza jaki." Wannan ai dole ce ta shigo ta ƙofar baya.

Mai Gyaran Jita: Canza jaki da sayen sabuwar jita kuɗinsu ɗaya ne a garinku?

'Yar Bes: Ku yi haƙuri in shigo. Duk kuna ta dole da ba dole ba, babu wanda ya tambayi ina mai bes zai zauna. E ta jita 82 Hz ce, wato tsirkiya na kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. B ɗinku 62 ce, A kuwa 55, wadda ita ce daidai tsirkiya ta biyu daga ƙasa a bes mai huɗu. Kun shigo mana ɗaki. Ko dai mai bes ya koma mai tsirkiya biyar ya sauka B ta ƙasa, kusan 31 Hz, wadda ƙananan sifikoki ba sa fitar da ita, ko ya ɗaure mai huɗu a B E A D, ko kuwa ku buga sauti ɗaya ku danne juna.

Injiniyan Sauti: Anti ta taɓo inda yake. Shi ya sa ake yanke ƙasan jita a miksin, daga 80 zuwa 100 Hz abin da ya yi ƙasa. Sifikar jita irin Celestion Vintage 30 ma daga wajen 70 Hz take farawa, asalin B bai ko shiga ba. Nauyin da kuke ji bes ne da ganga. Kafin amfilifaya kuma a sa fedar Tube Screamer, makunnin draib a sifili, na lebul a sama, ya rage ƙasan tun bai shiga ya caɓe ba. Makunnin bes na amfilifayar ya tsaya 4 ko ƙasa, gen kuma, wato makunnin da ke ƙara distoshan, a rage shi fiye da yadda ake sa wa E.

Ɗan Rok: To in ana yanke ƙasan, me ya rage? Wannan ai zagin bariton ne a fakaice.

'Yar Bes: Ƙanena, ba wanda ya zagi jitarka.

Tsohon Hannu: Ni abin da ke ba ni dariya, waɗannan masu inci 27 ɗin ma har bariton ake ce musu. Bariton ta gaskiya ita ce irin ta Danelectro, kusan inci 30, jikin masonait, wato matsattsen allon katako, fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, mai kama da kwanson jan baki. Tun shekarun 1950 suka fara yin dogayen jita masu tsirkiya shida, a Nashville ana ɗora su kan babban bes don bugun ya fito tas. Gretsch G5260 ma 29.75 ce. Squier mai 27 da PRS SE 277 mai 27.7, jita ce da ta ɗan yi miƙa.

Tsirkiya Bakwai: In tsawo ne gaskiya, to Fender Bass VI ta 1961 inci 30 ce.

Tsohon Hannu: Wannan bes ce, sunanta ma ya faɗa. E zuwa E ake ɗaure ta, oktab guda ƙasa da jita, wato rabin Hz ɗinta.

Tsirkiya Bakwai: Ashe ba tsawo ne ke yanke hukunci ba, ɗauri ne. To in ɗauri ne, Les Paul da aka ɗaure a B E A D F# B ita ma bariton ce. Ka zaɓi ɗaya, Malam.

Tsohon Hannu: Kai da aka ƙara wa jitarka tsirkiya ɗaya a 1990 don Steve Vai, kai ne za ka koya mini zaɓi?

Tsirkiya Bakwai: Wannan tsirkiya ɗayar ta ba ni B, kuma E ta sama tana nan ba ta tafi ko'ina ba. Kai a inci 30 firet ɗinka na farko kusan milimita 43 ne, nawa 36. Ka buga rif mai gudu a firet na 1 zuwa na 5 mu ga yatsunka. Ga fikof mai koyil ɗaya, da ka ƙara gen sai ziza ta cika ɗaki.

Tsohon Hannu: Ziza ta masu rashin iya sa hannu ce. Kuma shi Stephen Carpenter na ƙungiyar Deftones, mai bakwai ɗin da kamfanin ESP ya yi masa akwai mai inci 27. Mutuminku ma ya gudo wajenmu.

Tsirkiya Bakwai: Ɗazu 27 miƙa ce, yanzu ta zama taku?

Mai Gyaran Jita: Ku bar wannan. Akwai mai karatu a nan da zai je ya ɗora tsirkiya mai kauri gobe ya fasa nat, gara ya ji yadda ake yi. Saitin tsirkiyoyin bariton na D'Addario EXL158 shi ne 13, 17, 26, 36, 46, 62, wato daga .013 zuwa .062. Ku lura, saitin 10 zuwa 46 ne da kowa ya sani, aka jefar da 10 aka ƙara 62 a ƙasa. Saboda haka kowace tsirkiya ta matsa rami ɗaya, kowane rami na nat ya yi mata kaɗan. A faɗaɗa su da magagarin nat na daidai kaurin, faɗi kawai, kar a ƙara zurfi, kuma ramin ya gangara ta wajen kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. In aka tilasta .062 a ramin .046, ko ta maƙale saiti ya riƙa tsalle da ƙarar "ƙis" duk lokacin da ka murɗa kunne, ko gefen nat ɗin ya ɓalle. A goga bakin fensir a ramin. Hudar kunnen ma wani sa'in ba ta karɓar mai kauri sosai, irin 68 ko 72, sai a warware naɗin bakin tsirkiyar kamar santimita 2, a zura zuciyar. Sannan wuya: kafo a firet na 1, ka danna na ƙarshe, ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8 ta zama kamar milimita 0.25. In ta fi haka, ka ɗaure rodin cikin wuya da alanki, rubu'in juyi, ka bar shi ya zauna kafin ka ƙara. Tsayin tsirkiyar ƙasa a firet na 12 ya kai milimita 2, in bugunka da nauyi ka ƙara kaɗan. Fikof ɗin ma a sauke gefensa na ƙasa, maganaɗisu na jan tsirkiya mai kauri sauti ya riƙa rawa. Daidaita sirdi shi ne na ƙarshe. Da hunturu kuma a sake duba ratar, katako na bushewa ya motsa.

'Yar Bes: Baba, ta ukun fa? 26 mai naɗi ce, ba ta lanƙwasuwa kamar sul, wato marar naɗi.

Mai Gyaran Jita: Haka ne 'yata. Mai yawan lanƙwasa sauti ya sa sul mai 22 ko 24, amma ya san sirdinta zai koma baya sosai, kuma sautinta ya fi tsauri.

Ɗan Rok: Duk wannan wahalar ai ita ce hujjata. Ka sayi bariton ka huta.

Mai Gyaran Jita: Ita ma sai an yi mata duk wannan ranar da ka canza kauri ko ka sauka drop A, wato ka sauke tsirkiyar ƙasa kaɗai zuwa A. Daga B zuwa A, .062 a inci 27 tana faɗowa daga kilo 9 zuwa 7 da ɗan wani abu, ka buga da ƙarfi sauti ya haura kafin ya dawo. Sai ka nemi 68. Mai jikin Fender kuma yana iya sayen wuyan jita na kamfanin Warmoth mai inci 28 da 5/8, firet biyu ne aka ƙara, sukuru huɗu ne, jaki bai motsa ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, bari in tattara. An yarda cewa ƙasa da C tsirkiya na sakin jiki, an yarda sirdi na ƙurewa, an yarda sautin doguwar jita ya fi washewa. Wato a aikace Ɗan Rok ya yi gaskiya, kuma inci 27 zuwa 28 ne wurin da hankali ke kwanciya, irin PRS SE 277 ɗin nan da babu mai kushe ta. Masu bakwai da masu 30 sun faɗi son ransu, mun ji.

Tsirkiya Bakwai: Waye ya yarda? Shugaba, hoton da ke kan sunanka ma 277 ce a rungume.

Tsohon Hannu: "Babu mai kushe ta", ni ɗazu waƙa na yi mata?

'Yar Bes: Batun bes ko ambato bai samu ba. Madalla.

Mai Gyaran Jita: Ranka ya daɗe, ni "wani lokaci" na ce game da sirdi, kuma a kan jaki iri ɗaya. A gyara wannan layin. Wanda zai gwada wuyan 28 da 5/8 kuma ya auna jakar jitarsa tukuna, an ƙara inci 3 da 'yan kai, ba kowace jaka ce za ta rufu ba.