Tsuntsu mai zobe a ƙafa

Daga Malali: Salam jama'a, jiya yarana suka tsinci wata tsattsewa matacciya a bakin kogin Kaduna, da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarta an rubuta wasu lambobi mitsi-mitsi, maƙwabciyata tace wai asiri ne in jefar, dan Allah meye wannan?

Daga Kawo: Ba asiri bane yaya. Masu bincike ne ke saka ma tsuntsaye don su gane inda suke zuwa, in kaka ta yi, sanyi ya doso Turai, sai tsuntsayen su ƙetaro Sahara su zo mana. Kar ki yar, ki ɗau hoton lambar ki tura ma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos.

Daga Tudun Wada: Allah sarki, duk wannan tafiyar wlh ta ban tausayi. Shamuwarmu ma yanzu take tafiya, sai gabannin damina kuma.