Anji: na wa zan fara koyo a cikin ukun nan?

Autan Zaure: Salamu alaikum manya. Na gama atisayen babban yatsan da Yaya ya ba ni, yanzu Anji nake so in shiga, wannan kiɗan jitar da babu waƙar baki a cikinsa. To sai na tarar kala uku ne a YouTube, akwai na Davey Graham, da na Bert Jansch, da na Paul Simon. Wanne ya fi sauƙi ga wanda bai daɗe da ajiye fik ba, wato ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya koma kaɗawa da yatsu? Jitata mai tsirkiyar ƙarfe ce.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Na Simon, kada ma ka wahalar da kanka.

Na Damagaram: Na mai abu za ka fara. Graham ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a ɗan ƙaramin faifai a 1962, sauran duk a wurinsa suka ɗauka.

Ɗan Zariya: Ai ba tarihi yaron ya tambaya ba, Malam.

Yaya Babba: Auta, kafin ka zaɓa bari in ba ka labarin abin da ya same ni da kiɗan nan. Wani shafi na biya kuɗi na sauke tab, wato rubutun da ke nuna inda za ka danna a kowace tsirkiya, an rubuta a kansa wai na masu koyo ne. Ashe wanda ya rubuta haɗin gambiza ya yi, farkon na Simon, tsakiyar na Jansch, kuma ko'ina sautin F ya zo sai ya sa a danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya. Ka san yadda bes ɗin, wato sauti mai kauri na ƙasa, yake sauka: A a tsirkiya ta biyar a sake, G a gaɓa ta uku ta wuyan jita a kan tsirkiya ta shida, F a gaɓa ta ɗaya, sannan E a sake. To in ka danne F gaba ɗaya, dole ka tsinke hannunka daga Am, wato riƙon da sauran yatsu suke kai, waƙar da ke sama ta yanke, kafin ka dawo kiɗa ya wuce ka. Haka na yi ta fama har wuyan hannuna ya kumbura, ko kofin shayi na ɗauka sai na ji shi. Na yi musu saƙo, ko gaisuwa ba su amsa ba, kuɗi kuwa sun tafi.

Daga baya na zauna na rage gudun bidiyon masu kaɗa shi da kyau, sai na ga da yawansu babban yatsan hagu suke zagayowa da shi ta saman wuyan jita su kama F ɗin nan, sauran yatsu na nan zaune a kan Am ba su motsa ba. Wallahi nan rabin wahalar take. Sauran rabin a hannun dama ne, babban yatsa ya riƙa tafiya ɗaya babu gargada, ko me yatsun ƙasa suke yi.

Amsarka kuwa, ni a ganina na Simon ya fi daɗin koyo saboda a tsaftace yake, kowane sauti kana jinsa daban, ga shi bai da tsayi. Na Graham a takarda kamar ba komai, amma riƙe wannan taku nasa daga farko har ƙarshe aiki ne. Na Jansch ka bar shi tukuna.

Hajiyar Tudun Wada: Sannu Yaya. Amma maganar babban yatsa ba kowa ba ne. Ni jitata ta nailan ce, wuyanta faɗi ne da shi, hannuna kuma ƙarami. Ko zan mutu yatsan nan ba ya kaiwa. Da manuniya nake kama F ɗin ita kaɗai, in saki tsirkiya ta biyu na ɗan lokaci, kuma yana fita lafiya lau.

Yaya Babba: Haka ne Hajiya, a nailan dabararki ta fi. Shi dai ya ce ƙarfe gare shi.

Bakanon Legas: Me aka mayar da Jansch ne, dodo? Ni da shi na fara kuma ga ni da raina.

Ɗan Zariya: Mun ji wanda ka turo da Sallah. Kana da rai, kiɗan ne ba shi da shi 😂

Bakanon Legas: Makirifon wayar ne, ɗan rainin hankali.

Na Damagaram: Ku bar wasa. Abin da ya sa na Jansch ya yi wuya ba yawan sauti ba ne. Mutumin fizgar tsirkiya yake yi har ta daki gaɓa ta yi ƙara, yana jan wata yana lanƙwasa ta alhali bes bai tsaya ba, kuma ba ya maimaita zagaye biyu iri ɗaya sak. Sannan ya cusa wani yanki na Work Song na Nat Adderley a ciki, wanda babu shi a na asali. Tab ba ya iya rubuta irin wannan, sai kunne. A faifansa na farko ne na 1965, can ma Angie aka rubuta sunan, in za ka nema. A gidan wani aka naɗe faifan da jitar aro, aka sayar wa kamfani a kan fam 100.

Bakanon Legas: Jitar aro! Ka ji ko, Ɗan Zariya? Kai da ka ce sai ka sayi mai tsada za ka iya.

Autan Zaure: Na gode manya. Wani ya ce min sai na sauya saitin ɗaurin tsirkiyoyi zuwa wanda ake kira DADGAD tunda na Graham ne, haka ne?

Na Damagaram: A'a. Gaskiya ne shi ya yaɗa wannan saitin bayan ya je Maroko, amma Anji a saitin da ka saba ake kaɗa shi. Kapo kawai za ka nema, wato ɗan abin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyin.

Hajiyar Tudun Wada: Kapon ma taimakonka zai yi, yana sauko da tsirkiya kusa da gaɓa, tazarar kuma ta ragu. Musamman yanzu da hunturu ya shigo yatsu na tsagewa.

Mai Shagon Gyara: Duk wanda tsirkiyarsa ta yi sama ya kawo a duba kafin ya ɗora wa Jansch laifi. Yawancin jitocin da ake kawo min, sai ka zura biro tsakanin tsirkiya da wuya.

Ɗan Zariya: Talla ta fara.

Mai Shagon Gyara: Kai dai kawo cikon kuɗin wancan gyaran.

Bakanon Legas: Ni fa har yanzu ban yarda na Simon ya fi sauƙi ba. Tsaftar nan ita ce tarkon, ka kuskure sauti ɗaya kowa ya ji. A na Jansch ko ka yi ƙazanta sai a ce salo ne.

Yaya Babba: Wannan kuma hujjar malalata ce. Auta, kunna metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu, a hankali, ka yi ta saukar bes ɗin nan huɗu shi kaɗai har sai kana iya hira kana yi. Ka turo mana mu ji kafin ka ɗora waƙar sama.

Autan Zaure: To Yaya, in sha Allah. Kapon a gaɓa ta nawa?

Hajiyar Tudun Wada: Wai zaman Asabar ɗin yana nan kuwa, ko an sake ɗagawa?