Neman shawara: in ƙarasa Game of Thrones ko in tsaya a zango na 6?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni gani. A makare na fara kallon Game of Thrones, yanzu na gama zango na 4, kuma gaskiya ya kama ni. Sai dai duk wanda na gaya wa sai ya girgiza kai ya ce Allah ya ba ni haƙuri ranar da na kai ƙarshe. Yayana ma cewa ya yi in na gama zango na 6 in rufe, in ɗauka a nan labarin ya ƙare. Saura kashi 33 a gabana, kowanne kusan awa guda, ga tsadar data, ga aiki. Ƙarshen ya lalace ne har ya kai in haƙura, ko surutun mutane ne kawai? Don Allah kada wanda ya faɗa min wa ya mutu ko wa ya hau gadon sarautar.

Tsohon Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ƙarasa abinka. Amma bari in gaya maka inda gizo yake saƙa, don kada ka shiga da dogon buri.

Fim ɗin daga littattafan George R. R. Martin aka ɗauko shi. Littafi na biyar ya fito a 2011, shekarar da tashar HBO ta fara haska fim ɗin, na shida kuwa har aka gama fim ɗin a 2019 bai fito ba. Ka ga ke nan tun daga wajen zango na 6 masu shirya shi, David Benioff da D. B. Weiss, sun wuce inda littafi ya tsaya, sai suka koma tafiya da nasu rubutun. Abin da ya ja hankalinka a zangunan farko, wato doguwar hira mai cike da makirci, da yadda mutum zai tafka kuskure yau sai bayan kashi goma ya girbi abin da ya shuka, shi ne ya fara ja baya.

Sannan suka rage tsawon. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne, na 7 kashi 7, na 8 kashi 6 kacal. Labarin da aka yi shekaru ana ƙulla shi, a ce cikin kashi 13 za a warware? Tamkar direban da ya taho a nutse tun safe, da ya ga magariba ta kawo jiki sai ya danne totur. An isa gida dai, amma fasinja sun sha jijjiga. Tafiyar da a da take cin rabin zango, a zango na 7 sai ka ga mutum ya bar kudu ya bayyana a arewa kafin ka kurɓi shayi. Ni a ganina inda aka kai jaruman ba laifi ba ne, gaggawar kai su ce ta ɓata wa mutane rai.

Direban Dare:
Yallaɓai, ka sassauta musu da yawa. Ni har yau ban huce ba. Kashi na 3 na zango na 8 yaƙin dare ne, duhu kamar me, a waya ba abin da kake gani sai fuskarka a gilashi. A kashi na 4 aka manta kofin shayi irin na zamani a kan teburi, duniya ta gani kafin su goge shi. Mutane sama da miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a intanet suna neman a sake zangon daga farko. Duk waɗannan mahaukata ne? Kuma abin da aka yi wa ita Daenerys uwar dodannin nan a kashi na 5, wallahi...

Admin:
Direba, taka birki a nan. Bawan Allah ya roƙa kada a fasa masa ƙwai. Wanda ya ƙara ambaton abin da ya faru da wani jarumi zan goge saƙonsa.

Ɗaliba:
Ni bara na kalle shi a jere lokacin hutu, kuma ban ji zafin da ake faɗa ba. Ina ga dalilin shi ne, su waɗanda suka bi shi tun 2011 sun yi shekara takwas suna hasashe, kowa ya gina nasa ƙarshen a ka. Zango na 7 ya ƙare a Agustan 2017, na 8 bai zo ba sai Afrilun 2019. Wanda ya jira wata ashirin dole ya fi ni jin haushi, ni da na danna na gaba kawai. Shawarar Yayanka ma ba za ta yiwu ba, domin kashi na 9 da na 10 na zango na 6 suna cikin mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya, kuma a kan gaɓa suke ajiye ka. Ba mai kaiwa nan ya iya rufewa. Ka tambaye shi, shi ya tsaya ɗin?

Maman Biyu:
Ni nawa jan hankali ne. Tunda ka kai zango na 4 ka riga ka san irin tsiraicin da ke ciki da zubar da jini. Kada ka kunna shi a falo, kada ka bar shi a wayar da yara ke ɗauka. Ni saboda haka na ajiye shi tun a farko, na koma Ertuğrul na Turkiyya, wanda za ka kalla da surukarka a gefe ba ka neman rimot. Sai dai in tsawo kake gudu, can ma ba sauƙi: kashi 150 ne a yadda tashar TRT ta haska shi daga 2014 zuwa 2019, kowanne wajen awa biyu.

Mai Shagon Tura Finafinai:
Oga, batun data mai sauƙi ne, ka sauke mai ƙaramin nauyi don waya. Amma shi wancan kashi mai duhu da Direba ya faɗa, ka nemi mai kyau, ka kashe fitila, in da hali ka haɗa da talabijin.

Ni da nake ganin masu kallo kullum, wanda aka ba shi ƙarshe mara daɗi ya fi wanda aka bari a rataye kwanciyar hankali. Dubi fim ɗin 1899 na Netflix: ya fito ƙarshen 2022, zango ɗaya, ya tsaya a daidai inda labari ya buɗe, a Janairun 2023 aka ce an soke shi. Har yau ana zuwa tambayata ci gabansa. Da babu gara ba daɗi.

Tsohon Ɗan Kallo:
Direba, ban ce ba ku da hujja ba. Amma shi wannan zangon da kuke zagi shi ya ci kyautar Emmy ta gwarzon fim mai dogon zango a 2019, kuma mutum sama da miliyan 19 suka kalli kashin ƙarshe a Amurka daren da ya fito.

Direban Dare:
Yawan 'yan kallo ba shaida ba ne, Yallaɓai, ai sai da suka kalla sannan suka yi fushin. Kai kuma mai tambaya, in ka gama kana neman abin wanke baki, ka nemi Breaking Bad. Kashi 62 ne, an gama shi a 2013, labarin malamin kimiyya da cutar daji ta kama ya faɗa harkar haɗa ƙwaya. Wannan marubutansa sun rufe duk ƙofar da suka buɗe. In kuma gajere kake so, Chernobyl kashi 5 ne kawai, a kan fashewar tashar nukiliya ta 1986.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tambayi Yaya kamar yadda Ɗaliba ta ce, ashe shi har ƙarshe ya kalla, sau biyu ma. Zan ci gaba, gani ya kori ji. Hajiya Maman Biyu, na ji gargaɗinki, wayar akwai makulli. Direba, ka riƙe maganar kashi na 5 ɗin nan, in na iso zan neme ka mu yi ta.

Direban Dare:
Ina nan. Ka zo da ruwan sanyi.