Abin da masu awara suka ce kan tafasa madarar waken suya

A zaman masu yin awara a Samaru, Zariya, maganar wuta aka fi daɗewa a kai. Wata dattijuwa ta ce in madarar ba ta tafasa sosai ba, furotin ɗin ba ya warwarewa, awarar ta ƙi kamawa, ga gafin wake. Tafasar ce kuma ke kashe sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin. Amma wuta in ta yi yawa, madarar ta kama gindin tukunya ta yi ƙauri.

Ruwan tsami a zuba kaɗan-kaɗan. In ya wuce kima awarar ta riƙa marmashewa. Ni dai na tsamiya na fi so. Jiƙon waken kuwa, dare ɗaya ya isa, lokacin zafi ma a rage.