Cutar salmonela: abin da tattaunawar ta tattaro

An yi wata tattaunawa kan cutar salmonela, wato ciwon cikin da wasu ƙwayoyin cuta ke haddasawa ta gurɓataccen abinci: alamominta da yadda za a bi da ita.

1. Kowa ya yarda alamomin su ne gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wani lokaci da amai. Suna bayyana tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 bayan cin gurɓataccen abinci, musamman kaza ko ƙwan da bai dahu sosai ba. Yawanci sukan lafa cikin kwana 4 zuwa 7.

2. Babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. A riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ko da ana amai.

3. Inda aka rabu: wasu na gaggawar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, mafi yawa sun ce a bar wa likita. Na fi karkata ga na biyun.

4. Jini a bayan gida, bushewar baki, raguwar fitsari, ko kuma idan mai ciwon jariri ne ko tsoho: a garzaya asibiti.