Baƙin zobe yana yawo a idona na dama, in rabu da shi ko in ga likita?

Telar_Mata ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar ido, ko wanda ya taɓa fama da irin abin da zan faɗa.

Ni tela ce, shekarata 52, kuma tun ina budurwa nake sa gilashi saboda ba na hango nesa. Na daɗe ina ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo da zare-zare marasa launi suna yawo a idona, musamman in na ɗaga kai sama da rana ko na kalli farin bango. Ban taɓa sa su a rai ba, da na hau keke nake mantawa da su. To a makon nan sai ga wani sabo a idon dama. Shi baƙi ne, zagayayye kamar zobe, da 'yar jela a gefe. In na juya ido ya biyo ni, in na tsaya ya yi lilo ya gangaro a hankali, in na ce bari in ƙura masa ido kuma ya zille. Farin yadi ya fi tona shi. Jiya ina ɗinka farar riga sai kai hannu nake yi in kaɗe zare daga kan yadin, alhali babu komai a wurin. Zura zare a allura kuwa sai na jira ya wuce.

Sannan da daddare, in an kashe fitila na juya kai, nakan ga haske ya gifta ta gefen idon nan, wajen kunne, ya ɓace nan take. Ba kullum ba.

Idon ba ya ciwo, bai yi ja ba, ba ya ruwa, kuma ina gani ras. Maigidana ya ce gajiya ce da yawan kallon waya. Ƙanwata ta ce in je a auna jinina. Ni kuma ɗinkin mutane ya taru a kaina, ba na son in ɓata yini a layin asibiti a ce min ba komai. Shin abin nan yana tafiya da kansa? Akwai maganin ɗigawa da ke narkar da shi?

Dattijo_Mai_Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki. Ni na haura saba'in, kuma nawa sun fi shekara goma tare da ni, a ido biyun ma. Da farko sun hana ni sakat, jarida ma sai na ajiye don haushi, na yi ta kai wa ƙudan da babu shi duka. Yanzu sai na tuna da su nake ganinsu. Ba tafiya suka yi ba, suna nan daram, ƙwaƙwalwa ce ta gaji ta daina kula su, wasu kuma suka kwanta ƙasa suka bar tsakiyar gani.

Ga abin da ya taimake ni. In ɗaya ya zo ya zauna kan layin da nake karantawa, sai in kalli sama in kalli ƙasa da sauri, sai ya kauce. Na rage hasken waya, na mai da shafinta baƙi rubutun fari. In rana ta take ina sa baƙin gilashi. Babban abu kuma, kada ki riƙa nemansa. Mai tashi da safe ya kalli bango don ya duba ko yana nan, to kullum zai same shi.

Tunda babu ciwo, ni a ganina ki ci gaba da ɗinkinki. Tsufa ne ke sallama.

Abban_Yara ya rubuta:

Anti, akwai wani maganin ɗigawa da na ga ana tallarsa a Facebook, sun ce yana wanke irin wannan dattin cikin sati biyu. Ban gwada ba amma mutane da yawa sun yaba a ƙasan tallar. Ki kuma yawaita shan ruwa.

Nas_Sashen_Ido ta rubuta:

Yaya, don Allah ki ajiye ɗinkin nan ki je a duba idon yau, in ya gagara gobe da sassafe. Ba don na san akwai matsala ba. Mai yiwuwa ma babu. Amma abubuwa uku da kika faɗa in suka haɗu ba ma sa mutum ya jira: abin sabo ne, akwai walƙiya, kuma ke mai gilashin nesa ce tun ƙuruciya.

Baba, Allah ya ƙara girma, duk dabarun da ka bayar daidai ne, mu ma su muke faɗa wa mutane. Wuri ɗaya zan saɓa maka, maganar babu ciwo. Naka tsofaffi ne da ba su canza ba, nata na makon nan ne, hukuncinsu ba ɗaya ba.

Bari in ɗan yi bayani, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido. Cikin ƙwayar ido ba fanko ba ne. Akwai wani ruwa mai kauri, garai-garai, da ya cika kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙwayar. Kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari nasa ruwa ne zalla, ragowar wasu siraran zaruruwa ne da ke riƙe shi. A bangon baya kuma akwai wani tantani siriri, retina, shi ke ɗaukar hoton abin da kika kalla ya miƙa wa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Da shekaru suka ja, ruwan nan yakan tsinke, zaruruwan su dunƙule. In haske ya shigo sai inuwarsu ta faɗa kan tantanin. Inuwar kike gani. Shi ya sa farin yadi ke tona shi, kuma shi ya sa yake gudu in kin bi shi, ai tare da idon yake motsi.

Daga nan ne amsar Abban_Yara ta fito. Abin yana can ƙurya, ba a saman ido ba. Wanke ido ba ya kai wa gare shi, kuma babu maganin ɗigawa da aka tabbatar yana narkar da shi. Ɗan'uwa, kada ka sa kowa ya ɗiga abin da bai san me ke ciki ba. Wasu magungunan ɗigawa, in aka daɗe ana amfani da su ba da izinin likita ba, suna jawo hawan jinin ido da yana.

Yawanci bayan shekara 50 zuwa 60, ruwan nan yakan tattare ya saki bangon baya gaba ɗaya. Masu gilashin nesa yakan zo musu da wuri, don ƙwayar idonsu ta fi tsawo, tantanin kuma ya fi sirantaka. Zoben da kike gani, sau da yawa wurin da ruwan yake manne da bakin jijiyar gani ne, da ya saki sai ya taho da shatin wurin. Wannan sakin shi kansa ba cuta ba ne, yawancin mutane sai sun yi shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, yayin da yake saki yana jan tantanin. Tantanin nan bai san ciwo ba sam. In an ja shi, haske kawai yake bayarwa, shi ne walƙiyar da kike gani cikin duhu. A wurin kusan mutum ɗaya cikin goma da suka zo da irin wannan kwatsam, jan yakan yaga tantanin. In ya yage, ruwa na iya bi ta ramin ya shiga bayansa ya ɗaga shi daga bango. Duk wannan yana faruwa ido fari tas, babu ja babu zafi.

Yagewa in an kama ta da wuri, da leza, wato wani haske mai ƙarfi na na'ura, ake zagaye ta a like, mutum ya koma gida a ranar. In tantanin ya riga ya ɗaye, sai babbar tiyata, kuma in ɗayewar ta kai tsakiyar gani, wurin da kike zura zare da shi, ko an mayar ba lallai ganin ya dawo yadda yake ba.

In kin je, ki ce musu sabon abu kike gani da walƙiya, kina son a duba bayan ido. Gwajin gilashi, wato karanta haruffa a allo, ba shi ne ba, mutum na iya karanta layin ƙarshe da yagaggen tantani. Za a ɗiga miki maganin da ke buɗe baƙin ido, ki jira kamar minti 20 zuwa 30, sannan likita ya haska ya duba har gefe-gefe. Bayan nan gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni, haske zai dame ki. Ki tafi da baƙin gilashi da ɗan rakiya, kada ki tuƙa mota, ɗinki kuma sai washegari.

Kafin ki isa, in kika ga ɗigon sun ƙaru lokaci ɗaya kamar an watsa toka ko hayaƙi, ko wata inuwa ta taso daga gefe ko sama ko ƙasa kamar ana jan labule, ko gani ya ragu, to ko tsakar dare ne a tafi. Rufe ido ɗaya ki gwada ɗayan, don lafiyayyen yakan rufa wa mai matsalar asiri.

Sauran masu karantawa: mai ciwon suga, mai sikila, wanda aka yi wa aikin yana, wanda ya bugu a ido, da wanda tantanin wani nasa na jini ya taɓa ɗayewa, ku kada ma ku tsaya tambaya a nan. A masu suga da sikila, sabbin ɗigo na iya zama jini ne ya zuba a cikin idon.

Ummu_Sadiq ta rubuta:

Yaya, ki ji maganar Nas. Yayana direba ne, haka ya fara, ƙudaje da walƙiya, ya ce ai ba ya jin ciwo. Ya yi ta aikinsa. Da inuwar ta fara tasowa daga ƙasa ma cewa ya yi kumburin fatar ido ne saboda rashin barci. Sai da ya wayi gari rabin fuskar mutum yake gani sannan aka tafi. An yi masa tiyata, aka sa masa iska a cikin idon, ya yi kwanaki yana kwance a kife kamar yadda likita ya ce, aka kuma hana shi hawa jirgin sama har iskar ta tafi. Alhamdu lillahi idon bai mutu ba, amma har yau layi miƙaƙƙe a karkace yake ganinsa da shi, kuma ya bar tuƙin dare.

Ni kuma tambaya gare ni, Nas. Nakan ga wani haske mai zigizaga yana ƙyalli, ya yi ta faɗaɗa, bayan ɗan lokaci ya tafi sai ciwon kai ya biyo. Shi ma wannan ne?

Nas_Sashen_Ido ta rubuta:

Ummu_Sadiq, naki ya fi kama da na ciwon ɓarin kai. Shi daga ƙwaƙwalwa yake, ko wane ido kika rufe yana nan, yakan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30 ya wuce. Walƙiyar tantani a ido ɗaya take, ƙiftawa ɗaya ce, a gefe, ta fi fitowa a duhu. Amma in bai taɓa yi miki ba sai yanzu, ko ya zo da nauyin baki ko mutuwar hannu, wannan na gaggawa ne.

Telar_Mata ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ummu_Sadiq, labarin yayanki ne ya ɗaga ni, Allah ya ƙara masa lafiya. Na je. Likita ya duba, har ya ɗan danna gefen idon ta kan fata yana cewa in kalli nan in kalli can, wannan kam babu daɗi. Ya ce ruwan ne ya saki kamar yadda Nas ta faɗa, babu yagewa. Amma ya ce in dawo bayan 'yan makonni a sake dubawa, don bai gama saki ba, in kuwa wani abu ya canza kada in jira ranar.

Hankalina ya kwanta, sai dai zoben yana nan yana ba ni haushi. Na koma yin fararen kaya da yamma in rana ta yi sanyi, na kuma juya keken ya bar fuskantar taga, ya ɗan rage. Baba, dabarar sama da ƙasan nan tana aiki. Nas, babu yadda za a cire shi ne gaba ɗaya? Sana'ata ido ce.

Nas_Sashen_Ido ta rubuta:

Alhamdu lillahi, Yaya, na ji daɗi. Ana iya cirewa, amma ba na jin akwai likitan kirki da zai taɓa miki shi yanzu. Akwai tiyatar da ake zuƙe ruwan nan gaba ɗaya a maye shi da wani. Tana kawar da su, sai dai takan gaggauta fitowar yana, kuma akwai haɗarin yagewar tantanin da kika tsallake, da shigar ƙwayar cuta. Ana ajiye ta ne don wanda abin ya hana shi aiki ko karatu bayan an daɗe ana jira. Akwai kuma masu farfasa shi da leza, amma ba kowane iri take yi wa ba, likitoci ma ba su haɗu a kan amfaninta ba. Ki ba shi watanni. Yawanci zoben yakan dusashe ya matsa daga tsakiya, sauran kuma abin da Baba ya faɗa ne.

Kada ki tsallake ranar da aka ba ki, ko kin ji garau. Kuma ki sa rai idon hagu ma zai yi nasa, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ran da ya fara, kada ki ce ai na san shi, na dama ma ba komai aka ce. Shi ma a ranar za a ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido a duba.