Wace kalma za mu sa wa "akronim" a Hausa?

Malamai da 'yan'uwa masu rubuta kundin sani da Hausa, akwai abin da muka daɗe muna amfani da shi ba tare da mun raɗa masa suna ba, wato sunan da ake ginawa da haruffan farko na jerin kalmomi, kamar MDD a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Turawa ke kira akronim. Wasu suna cewa "gajeren suna", amma ai Sule ma gajeren sunan Sulaiman ne. Wasu kuma suna cewa "taƙaitawa", wadda a ganina ta fi dacewa da irin su Alh. da Mal., inda kalma guda aka datse.

Shawarata ita ce mu kira shi "haɗa-goshi". Malaman nahawun Hausa sun riga sun saba mana da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, saboda haka duk ɗalibin da ya zauna a ajin Hausa ya san goshin kalma shi ne farkonta, kuma da jin sunan zai gane cewa goshin kalmomi aka tattara wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke zuba haɗa-goshi a maƙala kamar kowa ya san shi. Mafi yawansu ba daga sunan Hausa aka ciro su ba, don haka haruffan ba sa shiryar da mai karatu zuwa ga ma'ana. Ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Legas a 1975, ECOWAS ce a bakin mutumin Kano, amma CEDEAO ce a bakin mutumin Maraɗi, domin shi daga Faransanci ta zo masa. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya: WHO a Najeriya da Ghana, OMS a Nijar da Chadi. Kundin sani kuwa na dukkansu ne. Shi ya sa nake ganin kan maƙala ya ɗauki cikakken sunan Hausa, a jimlar farko a kawo haɗa-goshin duka biyu, daga nan sai marubuci ya riƙe ɗaya har ƙarshe. Idan sau ɗaya ko biyu kawai sunan zai fito, babu dalilin kawo haɗa-goshi ko kaɗan.

Akwai kuma waɗanda suka daɗe a baki har suka zama kalmomin Hausa, kuma bai kamata mu mayar da su baƙi ba. En'e (N.A., hukumar gargajiya) da Di'o (D.O., jami'in mulki) daga haruffan Ingilishi suka fito a zamanin mulkin mallaka, amma yau a matsayin kalmomi ake rubuta su. Nefa, wato NEPA, tsohuwar hukumar wutar lantarki ta Najeriya, ita ma ta kama wannan hanya, tunda an sauya wa hukumar suna a 2005 amma har gobe ana cewa an ɗauke wutar Nefa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ce nake son jin ra'ayinku a kanta: ni na fi karkata ga a bar ta da manyan haruffa a kan maƙala, domin haka take a takardun tarihi, sannan a faɗa a jimlar farko cewa Nefu jama'a ke kiran ta.